Inda Na Kai a Koyon Siffanta Taurarin Labari

'Yan uwana masu koyon rubutun ƙagaggen labari, yau makonni 11 ke nan da na dakatar da rubuta sababbin babuka, na koma baya ina gyaran abu guda kawai a cikin daftarina, wato yadda nake bayyana kamannin mutanen da ke cikin labarin. Labarin na wani tsohon tela ne da 'yarsa wadda ta dawo gida bayan sun yi shekara 9 ba su ga juna ba, kuma sai da na kai babi na 14 kafin in gane cewa akwai gyara babba a gabana. Wata abokiyar karatu ce ta ankarar da ni. Na ba ta babuka 5 na farko, da ta gama na roƙe ta ta faɗa mini yadda take ganin 'yar telan a zuciyarta, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce kyakkyawa ce dai. Amsar ta dame ni ƙwarai, domin sakin layi guda cur na ware wa wannan yarinya tun a shafi na biyu.

Da na koma na karanta sakin layin a natse, sai na ga dalili. Na rubuta cewa doguwa ce santaleliya, fara sol, mai dara-daran idanu da dogon hanci da ɗan ƙaramin baki, haƙoranta farare tas da wushirya a tsakani, gashinta baƙi wuluk har gadon baya. Siffofi 10 na jera a jimla ɗaya, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da na gani da idon zuciyata. Duk gadonsu na yi daga abin da na sha karantawa tun ina ƙarami. Za a iya ɗauke wannan jimla a liƙa wa kowace tauraruwa a kowane littafi ba tare da an sauya harafi ba, shi ya sa mai karatu yake tsallake ta da ido ko da bai yi niyya ba.

Yawan siffofin ma kansa cikas ne. A shekarar 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya wallafa maƙalar da ta yi fice a kan cewa abin da mutum yake iya riƙewa a ƙwaƙwalwa a lokaci guda bai cika wuce abubuwa 7 ba, kuma masu binciken da suka biyo bayansa sun rage adadin zuwa wajen 4. Amma bayanin da ya fi shiga raina ya girmi wannan da kusan ƙarni biyu. A 1766 marubucin Jamus Gotthold Lessing ya bambance aikin mai zane da aikin mai magana. Mai zane yana ajiye fuska gaba ɗayanta a gaban mai kallo, ido ya ɗauke ta a ƙiftawa ɗaya. Kalmomi kuwa layi suke bi, wata bayan wata, saboda haka kafin mai karatu ya iso ga gashi, idanun da aka ambata a farko sun riga sun dushe masa. Lessing ya kawo misali da mawaƙin Girka na dā, Homa, wanda bai tsaya lissafa gaɓoɓin fuskar Helen ba, matar da aka yi yaƙin Turoyi dominta. Abin da ya yi shi ne ya nuna dattawan birnin zaune a kan ganuwa, suka hango ta tana tahowa, suka ce wa junansu ba abin zargi ba ne mutane su daɗe suna shan wahala saboda mace irin wannan. Ta hanyar abin da kyawun ya yi wa masu kallo ne mai sauraro ya auna girmansa. Na daɗe ina juya wannan misali a raina, domin ya nuna mini cewa ina ta ƙoƙarin yin aikin fenti da alƙalami.

Da telan na fara gwaji, don ya fi mini sauƙi. Na ajiye tambayar ko dogo ne ko gajere, na tambayi kaina me shekara 40 na zama a gaban keken ɗinki za su bari a jikin mutum. Amsoshin suka riƙa zuwa da kansu. Bayansa ya ɗan ranƙwafa daga kafaɗa. Akwai kanta a gefen babban yatsansa inda almakashi yake zama. Yana runtse ido ɗaya idan zai duba abu kusa, kamar mai zura zare a kafar allura. Hannun tabaraunsa ɗaya ya karye, ya ɗaure shi da baƙin zare, ɗauri mai tsabta irin na wanda ya san aikinsa. A ƙarshe, alamomi biyu kawai na bari a babi na farko: tabarau mai ɗaurin zare, da kuma ƙafarsa da take motsi sama da ƙasa ko yana zaune yana hira, tamkar har yanzu tana kan matakin keke. Da na sake ba abokiyar karatun babin, ba ta jira na tambaye ta ba, ita ta fara ambaton ƙafar. Har ta ƙara masa furfura da ramammen wuya, abubuwan da ban rubuta ba sam. Daga nan na yarda cewa mai karatu yana da nasa rumbun fuskoki, kuma idan aka ba shi alama ɗaya mai ƙarfi, shi zai cike sauran.

Darasi na biyu ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma shi ne nake ganin ya fi kowanne nauyi. Kowace siffa a cikin labari akwai wanda yake ganinta, kuma mutum yana ganin abin da ya dame shi ne. Na rubuta telan sau uku a takarda daban don in gwada. Yaron da yake koyon ɗinki a wurinsa hannuwansa yake kallo da girarsa, domin daga ɗagawar gira yake sanin ko ɗinkin da ya yi za a farke shi. Mutumin da yake binsa bashi takalminsa ya fara dubawa da wuyan rigarsa, yana neman alamar ko akwai abin biya. 'Yarsa kuwa, da ta shigo bayan shekara 9, ba ta ga tsawonsa ko launin fatarsa ba, domin waɗannan ta san su tun tana goye. Abin da ya canza shi ne ya tsaya mata a ido: rigar da ta san tana cika masa kafaɗa yanzu rataye take kamar a jikin ƙusa. Mutum ɗaya ne, amma siffa uku aka samu, kuma kowacce ta faɗi wani abu game da mai kallon kamar yadda ta faɗi game da wanda ake kallo.

Wannan ne ya warware mini matsalar yarinyar. Na goge sakin layin nan mai siffofi 10 gaba ɗaya, na bar mahaifinta ya dube ta da idon tela. Tun tana bakin ƙofa ya auna ta ba tare da tef ba, kamar yadda ya saba auna duk wanda ya shigo. Ya ga kafaɗunta irin na mahaifiyarta ne, ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Ya ga rigar da ke jikinta an ɗinka ta ne lokacin da ta fi haka jiki, an rage ta a gefe da hannu, kuma hannun da ya rage ta bai ƙware ba, domin ɗinkin ya karkace. Ya so ya tambaye ta wa ya yi mata wannan aiki, sai ya gane ita ce da kanta, da irin ɗinkin da ya koya mata tana shekara 8, sai ya fasa tambayar. Ban ce ta rame ba, ban ce ta sha wahala ba, ban kuma ce yana ƙaunarta ba, amma ina jin duk sun shiga. Wannan shi ne sakin layi na farko a cikin daftarin da na karanta na ji cewa nawa ne.

A babukan da yarinyar take ba da labari da bakinta, na tarar na tsayar da ita gaban madubi har sau biyu don ta lissafa wa mai karatu kamanninta. Na cire duka biyun, saboda babu mai duba madubi yana gaya wa kansa cewa hancinsa dogo ne. Yanzu tsawonta yana fitowa ne lokacin da ta sunkuya za ta shiga ƙofar da a dā take wucewa a miƙe.

Akwai kuma wani abu da na gano a daftarin wanda ya sa na zauna na yi wa kaina hisabi. Duk mutumin kirki a labarin na yi shi mai kyan sura, kuma mafi yawansu farare ne, mai bin bashin kuwa na ba shi jajayen idanu da tumbi da tabo a kumatu. Ban yi haka da gangan ba, hannu ne ya bi hanyar da ya saba. Wannan tunani na cewa mugunta tana da tambari a fuska tsoho ne, har ya taɓa shiga rigar ilimi: a 1876 likitan Italiya Cesare Lombroso ya wallafa ra'ayinsa cewa ana iya gane wanda aka haifa da halin aikata laifi ta siffar muƙamuƙi da kunnuwa da ƙoƙon kai, ra'ayin da masana suka yi watsi da shi daga baya. Ba na son labarina ya koya wa wani yaro mai tabo, ko wata yarinya baƙa, cewa fuskarsu ta riga ta yanke musu hukunci. Harshenmu ma ya san kyan ɗan maciji tun dā. Yanzu mai bin bashin ya koma mutum mai fara'a, tsaf-tsaf, mai tattausar murya, kuma abin mamaki ya fi ba da tsoro a haka. 'Yar telan kuma baƙa ce kamar mahaifinta, na faɗi hakan sau ɗaya a sarari, ba tare da na biyo shi da kalmar "amma" ba, wadda na lura muna yawan saka ta kamar muna ba da haƙuri.

Game da kalmomin amsa-kama irin su ƙirin da sol da wuluk, da siffofi masu nauyi irin su shirgege da zanƙalele da tsamurarre, ban daina amfani da su ba, domin dukiya ce da ba kowane harshe yake da irinta ba. Kalma ɗaya kamar shirgege tana ɗauke da girma da nauyi da yanayin tafiya, har da ra'ayin mai magana a kan mutumin. Matsalata ita ce na riƙa zuba su uku-uku a jimla har suka kashe ƙarfin juna. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina a yanzu ita ce ɗaya tak ga kowane mutum a farkon fitowarsa, kuma sai idan wanda yake kallon zai iya furta ta da bakinsa.

Lokacin bayyana siffa ma na koye shi ta hanyar kuskure. A babi na 9 na ambaci cewa yaron shagon yana ɗingishi, alhali tun babi na 2 yake kai da komo a labarin. Mai karatu ya riga ya gina yaron a ransa da ƙafafu lafiyayyu, saboda haka sabon bayanin ya zo masa kamar an musanya masa mutum. Duk siffar da za ta yi aiki a gaba dole ta shigo da wuri, ko da a rabin jimla ne. Na kuma buɗe ƙaramin littafi inda nake rubuta abin da na riga na faɗa game da kowa da babin da na faɗe shi, bayan na tarar karyayyen hannun tabarau yana dama a babi na 1, ya koma hagu a babi na 7.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne babuka 10 zuwa 14, inda telan yake kwance ba lafiya. A nan jikinsa dole ya riƙa sauyawa daga babi zuwa babi, kuma 'yarsa ce take gani, ita da take kusa da shi kullum har ba ta lura da raguwar sai wani baƙo ya shigo ta ga yadda fuskar baƙon ta canza. Na rubuta wannan fitowa sau 4, har yanzu ba ta zauna ba, domin duk lokacin da na kai wurin sai in koma lissafin ƙasusuwa da kogon idanu. A gwaji na biyar ina so in bar fuskarsa gaba ɗaya, in tsaya a kan ƙafar nan da ta saba motsi, wadda a babi na 13 take kwance shiru a ƙarƙashin mayafi. Idan akwai wanda a cikinku ya taɓa rubuta jinya mai tsawo ta idon mai jinyar, ina so in ji yadda ya rarraba sauyin a tsakanin babuka.