Buroshi Ya Fi Guduma Aiki a Gonar Murjani

Duk wanda ya ga hoton gonar murjani a ƙarƙashin teku, dasawa ce ke fara ɗaukar hankalinsa: mai nutso riƙe da reshe yana manna shi a jikin dutse, kifaye na kai da komo. Wannan hoton ne ya ja ni aikin sa kai a wani wurin renon murjani a tekun Karibiyan. Da na shiga sai na tarar ba a nan gizo ke saƙar ba. Kaso mafi tsoka na iskar da ke cikin tukunyar da muke goyawa, a kan goge-goge take ƙarewa, da buroshin wanke-wanke da kuma tsohon buroshin haƙori don lungunan da babban ba ya shiga.

Murjani dabba ne, ko da yake ido na ganinsa kamar dutse ko itace. Dubban ƙananan halittu ne manne da juna, kowace da baki ɗaya kewaye da 'yan yatsu, suna gina wa kansu ƙashi mai tauri a ƙarƙashinsu. A cikin namansu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa hasken rana ta ba su mafi yawan abincinsu, ita ce kuma ke ba su launi. Sana'ar reno kacokan ta dogara ne a kan hali guda na wannan dabba: in reshe ya karye bai mutu ba, zai ci gaba da girma a matsayin sabon murjani.

Mu a kan "bishiya" muke reno, salon da ƙungiyar Coral Restoration Foundation ta Key Largo a jihar Fulorida ta Amurka ta yi fice da shi. Ken Nedimyer ne ya kafa ta a 2007. Ita bishiyar, bututun roba ne a tsaye, an ɗaure gindinsa da igiya a ƙasan teku, an sa masa abin da ke ɗaga shi sama a ka, sannan an soke shi da siraran sanduna ta kowane gefe. A jikin sandunan ake rataye guntayen murjani da zaren fatsa. Ratayewar na nesanta su da yashi da laka da masu cin su, ruwa na ratsa su ta ko'ina, kuma in an hango guguwa ana iya jan bishiyar ƙasa ta igiyarta. Irin da muka fi reno shi ne mai kamar ƙahon barewa, saboda saurinsa: reshensa kan ƙara santimita 10 zuwa 20 a shekara. A datse guntu tsawon yatsa da filaya, a rataye, cikin wata 6 zuwa 9 ya yi rassa ya isa dashe.

Sai dai duk abin da aka ajiye a teku, wasu halittu sun samu masauki. Kafin a ankara gansakuka mai gashi ta lulluɓe sandunan, soso da ƙananan kawa sun kama, ga kuma wani mai kama da murjani da ke harbi, wanda in ya taɓa wuyan hannu tsakanin safa da riga sai ya yi kwanaki yana raɗaɗi. Wurin da ya fi haɗari shi ne ƙullin da zaren ya zagaye guntun. A nan gansakukar ke fakewa ta hau nama a hankali, a nan kuma buroshin haƙori ke aiki, da taka-tsantsan don kada gashinsa ya karce dabbar. Ana gogewa, ƙananan kifaye sun yi cincirindo a gaban fuska suna wawar abin da ke zuba. Abin da ya fi ba sabon shiga wahala shi ne tsayuwa cak a tsakiyar ruwa ba tare da dafa komai ba. Numfashi ne linzamin: a ja da yawa a yi sama, a saki da yawa a yi ƙasa, bugun ƙafa ɗaya na ganganci kuwa ya isa ya kakkarya renon rabin shekara.

A bakin gogewar ne ido ke koyon karanta fari, don fari iri uku ne. Farin da ke can kan tsinin reshe alheri ne, sabon girma ne da bai riga ya yi launi ba. Farin da ya fara daga gindi yana hawa kamar zobe, nama na saɓulewa ya bar ƙashi tsirara, cuta ce, kuma magani shi ne a datse lafiyayyen ɓangaren a tsere da shi. Na ukun shi ne jiki duka ya koɗe alhali naman na nan in aka duba da kyau. Wannan zafi ne ya sa dabbar ta kori gansakukar cikinta. Tana raye, amma da yunwa.

Kowace bishiya tana da lamba, kowane guntu kuma an san uwar da aka yanko shi daga jikinta. Da farko na ɗauki wannan rubuce-rubuce a kan allon roba a matsayin ƙaƙale irin na masu bincike. Shugabar tawagarmu ce ta fahimtar da ni cewa guntu dubu daga uwa ɗaya halitta ɗaya ce aka maimaita sau dubu. Cutar da ta kama ɗaya za ta kwashe sauran, kuma in lokacin haihuwa ya zo, irin wannan murjani da wuya ƙwansa ya ƙyanƙyashe sai ya haɗu da na wata uwa daban. Kwaɗayin kowane mai reno shi ne ya cika gona da uwar da ta fi saurin girma, don lissafi ya yi kyau a rahoto. Tarihin yankin ya isa gargaɗi: cutar nan mai farin zobe ta yi wa mai ƙahon barewa da ɗan'uwansa mai faffaɗan ƙaho kisan kiyashi tun daga ƙarshen shekarun 1970, har Amurka ta sa su biyun a jerin halittun da ke fuskantar barazana a 2006.

Dasawa kanta ba ta da wani sirri. A kankare dutse da guduma da buroshin waya har ya yi fes, a murza gam mai kala biyu da ke kamawa a cikin ruwa, a dasa reshen ta yadda zai taɓa dutse a wuri uku. Wasu ƙusa suke kafawa su ɗaure. Daga ranar kuma kariyar ratayewa ta ƙare. Akwai katantanwa da ke laɓewa a gindi tana tsotsar nama, akwai tsutsa mai farin gashi da ke haɗiye tsinin reshe ta bar shi fayau, akwai wani ɗan kifi mai faɗan tsiya da ke kashe wani sashe don ya shuka gansakukarsa a kai. Sai a koma ana tsince katantanwa da hannu.

Zaɓen wuri ya fi ƙwarewar hannu muhimmanci nesa ba kusa ba. Inda ƙazantar gari ko laka ke kwarara, ko jiragen ruwa ke jefa anga, dasa murjani ɗibar ruwa da kwando ne. Haka inda babu masu kiwon gansakuka. A 1983 da 1984 annoba ta kashe mafi yawan baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi a Karibiyan, ta sake bugun ta a 2022, alhali ita da kifi mai bakin aku ne ke share dutse. Wurin da muka ga suna da yawa, dashenmu ya fi zama da tsabta ba tare da mun wahala ba. A Indonesiya matsalar daban ce: kamun kifi da nakiya ya mayar da tudun murjani tsakuwa mai birgima, shi ya sa a yankin Sulawesi suke fara kafa ƙarafa masu kusurwa shida da aka shafe da yashi, su ɗaure guntaye a kai. Murjani masu siffar dunƙulen dutse kuwa, irin mai kamar ƙwaƙwalwa da ke ƙara kusan santimita ɗaya a shekara, David Vaughan, lokacin yana cibiyar binciken teku ta Mote a Fulorida, ya nuna cewa in aka yayyanka su ƙanana ƙwarai girmansu na ninkuwa.

Sai zafin 2023 ya zo. A watan Yulin shekarar an auna ruwan da zafinsa ya haura digiri 38 na ma'aunin Celsius a Manatee Bay da ke kudancin Fulorida, masu reno a can suka riƙa kwaso murjani suna kaiwa tankunan kan tudu. Ƙarin digiri ɗaya kawai a kan zafin da aka saba a watan da ya fi zafi, in ya ɗauki makonni, ya isa ya koɗar da murjani. A Afrilun 2024 hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da koɗewar murjani ta duniya baki ɗaya karo na huɗu, bayan na 1998 da 2010 da wanda ya ɗauki 2014 zuwa 2017. Mu ma mun ja bishiyoyinmu zuwa zurfi, abin da ke hannunmu ke nan. Wasu iyaye sun mutu ƙurmus har da dashensu na shekaru, ciki har da wadda muke alfahari da saurinta. Wasu da ba mu cika kulawa da su ba sun koɗe, ruwa ya yi sanyi, launinsu ya dawo. Ba don lambobin nan da na raina ba, da babu yadda za a yi mu san wace ce wace.

Tun daga nan na daina jin daɗin labarin da ke cewa an dasa dubu kaza. Tambayata ita ce nawa ne ke raye bayan shekara biyu ko uku, daga iyaye nawa, kuma sun fara haihuwa ko a'a. A Karibiyan mai ƙahon barewa kan saki ƙwai da dare a 'yan kwanakin da ke bin cikar wata, galibi a Agusta, kuma yanzu muna ɗora raga a kan waɗanda suka tsallake zafin, mu tara ƙwan, mu haɗa na iyaye daban-daban a bokiti. Kowace uwa kuma mun raba ta gida biyu, rabi a tsohuwar gona, rabi a wata sabuwa mai zurfi inda ruwa ya fi gudu, wadda ita ma sai an je an goge ta.