Baƙin ya zauna a gashi na bakwai

Jiya da asuba na buɗe tanderu hannuna na rawa, na tarar baƙin ya zauna. Ƙananan kasake huɗu na saka. Uku sun fito yadda nake mafarki: ja a inda na bari fili, baƙi mai sheƙi a inda na shafa ruwan yumɓu. Na murza da yatsa, na kankara da farce, ko gezau. Wata biyar ke nan ina bin wannan salo na ja da baƙi na tukwanen tsohuwar Atina, birnin Girka, gashi shida sun tafi a banza, don haka yau ku bar ni in yi murna.

Waɗanda muka fara tare kun san inda na maƙale. Gashin mataki uku ne: a fara da iska, a toshe a cika tanderu da hayaƙi, sannan a sake buɗe wa iska. Matakin hayaƙi bai taɓa ba ni wuya ba. In na toshe kafofi na tura ɗanyen itace, na zaro ɗan guntun yumɓu na gwaji, baƙi ƙirin nake gani. Amma da zarar na buɗe wa iska hanya a mataki na uku, jiki ya koma ja kamar yadda ake so, sai zanen ma ya bi shi, wani wuri ja, wani wuri ruwan ƙasa dabbare-dabbare. A gashi na biyar raina ya ɓaci ƙwarai, domin kwana uku na yi ina jan layin nan mai lanƙwasa a wuyan tulu ɗaya, ya fito kamar ban taɓa shi ba.

Na daɗe ina zargin hayaƙi, ina ta ƙara ganyen darbejiya. Ashe ba can matsalar take ba. Hayaƙi aikinsa kawai ya mai da jan ƙarfen da ke cikin yumɓu baƙi, jiki da zane duka. Abin da ke raba su shi ne a daidai wannan lokaci, wajen digiri 950, shafen, wato ruwan yumɓun da aka yi zanen da shi, ya ɗan narke ya liƙe. In iska ta dawo, jikin tukunya mai ƙofofi ya sha ta ya koma ja, shafen kuwa ya riga ya rufe bakinsa. Nawa bai taɓa liƙewa ba, kuma laifi biyu ne suka haɗu.

Na farko tatar yumɓu. Da ruwan burtsatse nake dama yumɓun, gishirin da ke cikinsa yana dunƙule shi, kwana ɗaya komai ya kwanta, mai laushi da mai tsakuwa tare, sama ta yi garau. Ina ganin ruwa garau ina jin daɗi, alhali abin da nake nema ne ya nutse. Na koma ruwan sama. Na gwada kanwa, ta riƙe yumɓun a ruwa amma ta bar farin gishiri a kan shafen, sai na koma tataccen ruwan toka, cokali uku a bokiti. Na zuba a gorar roba mai haske na bar ta sati biyu ba taɓawa. Hawa uku suka fito: yashi a ƙasa, laka a tsakiya, sama kuma wani jan ruwa da ya ƙi washewa. Shi na zuƙe da siririn tiyo, na ajiye a rana har ya yi kaurin madara. Bokiti guda na yumɓu, abin da na samu bai cika kofin shayi biyu ba. In kun shafa a tsingaro ya bushe, kuka goga da tsumma ya yi sheƙi tun bai ga wuta ba, to kun tace. In bai yi ba, kada ku ɓata itacenku.

Na biyu zafi. Da ido nake aunawa, ashe tun ana wajen 800 nake toshe kafofi. Sai da na sayi ma'aunin zafi, naira 46,000, kuɗin da har yanzu nake jin su a jikina, sannan na ga yadda ɗanyen itace ke kwantar da wuta. Wannan karo na kai 950 kafin in toshe, na riƙa haɗa ɗanye da busasshe, na riƙe hayaƙin kusan rabin awa, na bar zafi ya sauko ƙasa da 900 a rufe, sannan na buɗe.

Su Girkawan ba su da ma'auni. 'Yan guntayen gwaji masu huda suke zarowa su duba, an kuma tono irinsu a Atina. Allunan yumɓu da aka samu a Fenteskufiya kusa da birnin Koranti na Girka suna nuna magina a bakin tanderu da ƙugiya a hannu. Su ma wuta takan ci amanarsu, akwai tukwanensu da suka fito da jan tabo a cikin baƙi. Sanin haka ne ya riƙe ni bayan gashi na biyar.

Kasko na huɗu ya tsage, amma baƙinsa ya fi na sauran kyau. Na ɗauki tsingaro ɗaya na kankara sunana da ƙusa, jan layi ya fito tas a ƙarƙashin baƙi. Haka mutanen Atina na dā suke yi in za su kori ɗan siyasa daga gari na shekara 10, kowa ya kankara suna a tsingaro. An tono guda 190 masu sunan Temistokilis, wani ɗan siyasarsu, a wata rijiya a gefen Akrofolis, tudun da ke tsakiyar birnin, rubutun mutum 14 kacal. Da na ji yadda ƙusa ke zamewa a kan gasasshen shafe, na ƙara girmama wanda ya zauna ya kankara goma a jere.

A salon baƙin zane, wato baƙaƙen siffofi a kan jan jiki, kafin gashi ake tsaga layi, shafe na da taushi, kuma shi zan gwada a ƙoƙon sha mai hannu biyu. Damuwata ruwa: damina ta wuce, rabin randa ya rage mini, tata ɗaya kawai zai yi.