Kwana tara da 'yar'uwar budari

Na dawo daga aikin dare wajen takwas na safe, idanuna kamar an watsa musu yashi, ko takalmi ban cire ba na ji ana dukan katako a lambun baya. Dum. Shiru. Dum. Wanda ya taɓa kiwon zomo ya san wannan ƙarar, ƙafar baya yake bugawa in ya ji abin tsoro. Zomaye biyu gare mu, na autata ne, suna cikin akurkin katako a gindin shinge. Na ɗauka dilan nan ne da ke birkita mana bola da dare a unguwarmu ta birnin Lids a Ingila, sai na ɗauki tsintsiya na fita.

Abin da na tarar a gindin akurkin wata halitta ce doguwa kamar an ja ta, ƙafafu gajeru, ga baƙi ya zagaye idanunta kamar wadda ta sha kwalli ta yi kuka. Na ɗaga tsintsiya, ko gezau. Sai ma ta taho ta ɗora ƙafafun gaba a kan takalmina tana shinshinar safa. Salatin da na saki shi ya fito da maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi rabin rayuwarsa a ramin haƙar kwal. Ya leƙo ta saman shinge, ya yi dariya har da tari, ya zagayo ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin hammatarta ya ɗaga ta, ta saki jiki tana lilo kamar rigar da aka shanya. Ya ce feret ce, mace, kuma ta gida ce, don ta daji ba za ta zo ta hau ƙafar mutum ba. Ko dai ta tsere wa mai ita, ko an fita farautar zomo da ita ta maƙale a rami aka gaji da jira aka tafi.

Da rana na kira Hajiya a Katsina ta bidiyo na haska mata. Ta matso da fuska ta ce, "Tunku ne wannan, ki rufe kajinki." Na ce Hajiya ba mu da kaji, amma fa tana da wani irin wari. Ta ce, "To budari ne. Ke da hankalinki za ki ajiye budari a gida?" Daga baya na duba, ashe canki na biyu ya fi kusa. Tunku danginsa daban, amma feret da budari 'yan gida ɗaya ne. Asalinta wata dabbar dajin Turai ce mai wari da aka horar fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma sunan nata daga Latin yake, ma'anarsa ƙaramin ɓarawo. Wannan sunan ban fahimci dacewarsa ba sai daga baya.

Muka sa ta a kejin da muke kai mage asibiti, muka ajiye a ɗan ɗakin injin wanki, na ba ta ruwa da abincin mage. Ta ci kamar ba gobe, ta naɗe ta yi barci irin wanda sai da na sa yatsa a ƙirjinta don in tabbatar tana numfashi. Ashe haka suke, sa'a 14 zuwa 18 a yini suna barci.

Washegari na kai ta wurin likitan dabbobi a duba ko an sa mata 'yar ƙwayar shaidar nan da ake cusawa a ƙarƙashin fata. Tun watan Yunin 2024 dole ne a sa wa mage ita a Ingila, amma dokar ba ta hau kan feret ba, kuma tamu ba ta da ita. Likitar ta cire mata kaska biyu a bayan kunne, ta ce akwai ƙwarin kunne da za su iya tsallakawa jikin mage, saboda haka a raba su tukuna. Sannan ta juya ta, ta nuna mini gabanta ya kumbura. Lokacin barbararsu ne, wanda ke kamawa daga wajen Maris zuwa Satumba, kuma macen feret in ba ta samu namiji ba, ba ta fita daga wannan yanayin. Sinadarin estirojin na jikin mace ya yi ta taruwa har ya danne ɓargo, jini ya ƙare, ta mutu a hankali. Ni da nake aikin jinya ba sai an yi mini dogon bayani ba. Aka yi mata allurar da ke fitar da ita daga yanayin, na biya, na fito ina lissafin yadda dabbar da ban sani ba jiya ta riga ta shiga aljihuna yau.

Na rubuta sanarwa a dandalin unguwa na Facebook, na liƙa takarda a shagon kwanar layinmu, na buga wa wani gidan ceton feret waya. Matar da ta ɗauka ta ce a cike suke, don da zarar sanyi ya ja baya ɓatattu ke yawa, in zan iya riƙe ta mako guda ko mai ita zai fito, su kuma su nemi gurbi. Na ce to.

A cikin makon nan ne gida ya rabu uku. Babban ɗana, mai shekara 12, ya riga ya gama shawara tun ranar farko. Abbansu ya ce, "Ni dai kada in gan ta kusa da darduma." Auta kuwa tana tsakiya, tana son baƙuwa, tana kallon akurkinta.

Gaskiya dabbar nan tana da shiga rai. In ta farka aka sake ta a kicin, sai ta gantsara baya, ta buɗe baki, ta riƙa tsalle gefe-gefe tana karo da ƙafar tebur tana wani kuka ƙasa-ƙasa kamar kaza mai kiran 'ya'ya. Ranar farko na ɗauka farfaɗiya ce. Dattijo ya ce murna ce kawai. Ta shige hannun rigar sanyin ɗana ta ɓullo ta wuya. Ni kaina, da na fi kowa cika baki, na tsinci kaina ina yanka mata fiffiken kaza ɗanye da safe kafin in haɗa wa kaina shayi. Nama zalla take ci, hanjinta gajere ne, abin da ta ci cikin sa'a uku zuwa huɗu ya fita. Kuma a lungu take yi, ta ja da baya ta ɗaga wutsiya. Da Abbansu ya ji haka ya kalli lungun falo inda yake shimfiɗa darduma, bai ƙara cewa komai ba. Ba najasar jikinta yake gudu ba, a mazhabarmu mai rai tsarkakakke ne. Abin da ke fita daga cikinta sau shida a yini ne damuwarsa.

Warin kuma, bari in faɗi gaskiya, bai kai na budari ba, amma yana kama tufafi. Wani irin miski ne da ya lalace. A Amurka cire musu jakar warin ake yi tun suna ƙanana, a nan kuwa an hana sai da dalilin ciwo, kuma ko an cire, yawancin warin daga maiƙon fata yake fitowa. Na kunna turaren wuta, sai gidan ya koma warin feret da ta je biki.

Da mage ba a samu matsala ba. Bayan an gama maganin kunne muka haɗa su muna tsaye. Feret ta nufe ta kai tsaye, mage ta kai mata mari ɗaya ba tare da ta fitar da farce ba, ta haye saman firji ta zauna tana kallonta kamar uwargida da amarya. Da mage kaɗai gare mu, ina jin da yanzu labarin daban ne.

Rana ta biyar da yamma auta ta shigo ta ce, "Umma, zomanyar ba ta ci komai ba tun safe." Na fita na same ta a ƙuryar akurki, ta dunƙule, kunnuwa a kwance, ciyawa da ganyen da aka zuba mata suna nan yadda suke, babu ko ɗigon kashi sabo. Zomo ba kamar mage ba ne da za a ce bari mu gani zuwa gobe. In ya yi sa'a 12 bai ci ba, hanjinsa na iya tsayawa cak, daga nan sai gawa. Muka koma wurin likita da daddare. Ta tambaye ni ko wani abu ya sauya a gida. Na ce ai feret ɗin ba ta sake zuwa lambu ba, ƙofa biyu ke tsakaninsu. Sai ɗana ya sunkuyar da kai. Ashe kullum in ya gama wasa da ita, da rigar da hannun yake zuwa ya taya ƙanwarsa share akurki. Likitar ta ce tsoro kaɗai ya isa ya tsayar da cikin zomo, kuma shi ba ya buƙatar ganin feret, jin warinta ya ishe shi.

Kwana biyu ina ɗura wa zomanya abinci da sirinji, na naɗe ta a tawul a kan cinyata, zuciyarta na bugawa a tafin hannuna kamar za ta fasa ƙirji. A nan na gama tunanina. Dabbar da ke barci a ɗakin injin wanki, tun zamanin Rumawa ramin zomo ake zura ta. Dattijo ya kwatanta mini yadda suke yi suna samari: a rufe bakunan rami da raga, a saka feret ta ɗaya, zomaye su fito a guje su faɗa. Har ƙasar Niyu Zilan aka kwashi feret a shekarun 1880 don su rage zomaye, suka juya kan tsuntsayen ƙasar da ba sa tashi, yau an hana sayar da su a can. Ba mugunta ba ce, aikinta ke nan. Kuma ramin da yatsu biyu za su shiga, ita ma za ta gwada shiga. A gidan da yara biyu ke shige da fice, wa zai rantse ba za a taɓa barin ƙofa a buɗe ba har shekara shida ko takwas da za ta rayu?

Ɗana bai yarda cikin sauƙi ba. Ya ce, "Umma, ba ke kika ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda mage ba?" Na ce ni ce. Na ce ka tuna me ta yi wa magen? Ya ce kulle ta ta yi. Na ce to lissafa mini: ina aikin dare, Abbanku na fita tun asuba, ku kuna makaranta. Feret na son sa'o'i a waje tana ɓarna kullum, kuma ta fi son zama da 'yan'uwanta. Mu abin da za mu iya ba ta shi ne keji a ɗakin injin wanki, ita kaɗai, a wanke hannu a sauya riga duk lokacin da aka taɓa ta. Ban gaya masa sauran ba: takardar hayarmu mage ɗaya da zomo biyu aka rubuta, sannan ga allurar rigakafin ciwon karnuka, ciwon da kusan ba ya barin feret da rai in ta kamu. Ga kuma mura. Feret na ɗaukar murar mutane, shi ya sa ma da ita aka fara gano ƙwayar cutar a Landan a 1933, ni kuwa duk hunturu sai na kwaso ta daga asibiti na kawo gida.

Na yi tayin ta ga dattijo. Idonsa ya yi haske, ya shiga ba ni labarin wani tsohon mai haƙar kwal na garin Banzili, Reg Mellor, da ya zuba feret cikin wandonsa ya ɗaure ƙafafu ya tsaya sa'a 5 da minti 26 a 1981, wai gasa ce. Na ce lallai kowace ƙasa da irin nata sharo. Daga cikin gida matarsa ta ɗaga murya ta ce in ya shigo da feret, shi da ita za su kwana a sito. Magana ta mutu a nan.

Mai ita bai fito ba. Rana ta tara matar gidan ceto ta kira ta ce an samu gurbi. Muka tafi da ɗana, keji a kan cinyarsa, bai ce mini uffan ba duk hanya. Can muka tarar da wani babban ɗaki na waya da katako, an rataye tsofaffin riguna da bututun roba ko'ina, feret sun fi goma suna kwance kan juna kamar tulin wanki. Matar ta ce za ta ware tamu na ɗan lokaci kafin a haɗa ta da sauran. Ɗana ya tambaya ko suna karɓar masu taya share ɗaki ranar Asabar, ta ce in babba zai rako shi. Ban yi alkawari ba, amma Asabar uku ke nan ina zaune a mota a ƙofar wurin, rigar canji a cikin leda.

Zomanya ta koma cin abinci a daren da na wanke ɗakin injin wanki. Da na jawo injin don in goge bayansa na tarar da ajiya: safa uku ba mai kama da wata, toshiyar roba ta wurin wanke-wanke, busasshen fiffiken kaza, da carbin Abbansu wanda ya yi kwana huɗu yana tuhumar yara a kansa. Ya wanke shi da sabulu sau uku, ya turara shi. Har yau in ya ɗauko shi bayan isha'i, mage sai ta sauko daga kujera ta zo ta shinshina.