Fayilolin da inji ke rubutawa, da yadda muka hana su tsufa

Ina kula da wani ƙaramin laburare, wato tarin shirin kwamfuta da wasu shirye-shirye ke amfani da shi, da ke zaune a kan libvirt, manhajar nan da aka fara a Red Hat a 2005 don sarrafa kwamfutocin da ake tayarwa a cikin wata kwamfuta, irin na QEMU da KVM da Xen. Yawancin fayilolinmu ba hannu ke rubuta su ba. Wani shiri na Python ne ke karanta libvirt-api.xml, fayil ɗin da ke lissafa kiraye-kirayen da ake iya yi wa libvirt, ya zubo su, mu kuma mu ajiye a git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin duk gyaran da aka yi wa fayiloli.

Abin da muke nema shi ne duk wanda ya ɗauki tushen ya gina, ko a ina yake, ya samu abu iri ɗaya sak. Da muka gina a na'urori biyu, sai sha256 ɗin abin da muka gina, wato lambar da ke zama kamar zanen yatsan fayil, ya ƙi haɗuwa, diffoscope kuma, shirin da ke kwatanta fayiloli, ya nuna mana inda gizo ke saƙa.

Shirin namu na Python yana buga kwanan wata a saman kowane fayil. Akwai SOURCE_DATE_EPOCH da aka tanada domin irin wannan, wato tsayayyen lokaci da ake ba shirin gini, a ƙirge da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, amma ni cire layin na yi, don ba mai karanta shi. Sai kuma jerin sunaye: os.listdir, mai lissafo sunayen fayiloli, ba ya alkawarin tsari, kuma tun Python 3.3 tsarin kalmomi a cikin set, wani nau'in ma'ajin bayanai na Python, yana iya canzawa duk lokacin da aka kunna shiri. Sa sorted(), mai jera abubuwa bisa tsari, ya kashe wannan.

Wanda ya ba mu wahala shi ne tsufa. Wani zai gyara shirin ya manta bai sake zubo fayilolin ba. Wani kuma, saboda sauri, zai shiga fayil ɗin da inji ya rubuta ya gyara da hannu, alhali gargaɗi na nan ɓaro-ɓaro a layin farko. Daga nan mai gini da abin da ke git da mai zubo sabo sun raba hanya, kuma komai na aiki lafiya, shi ya sa ba wanda ke lura. Tunatarwa ba ta yi amfani ba. Abin da ya yi shi ne mun sa injin gwaji ya sake zubo komai a kowane gyara, sannan ya kira git diff --exit-code, umarnin da ke kwatanta su da abin da ke git. Ko waƙafi ya bambanta, gyaran ba zai shiga ba. Dole kuma muka tsayar da sigar libvirt guda a kwantenar gwaji, wato keɓaɓɓen wurin da gwajin ke gudana, in ba haka ba duk sabuwar fitowa sai ta tayar mana da ƙura.

Daga libvirt ɗin na koyi sauƙaƙa sabuntawa: a can VIR_TEST_REGENERATE_OUTPUT=1 kawai za ka sa, fayilolin gwaji su sabunta kansu. Mu ma muka mayar da namu umarni ɗaya.

Wani abokin aikina ya so a fitar da fayilolin daga git kowa ya huta. Hujjarsa na da ƙarfi, amma na ƙi, domin a cikinsu nake ganin kiran libvirt da ya ƙaru ko ya ɓace. Muka daidaita a kan cewa sabuntawar inji ta riƙa zuwa ita kaɗai, ba a cakuɗe da gyaran hannu ba.