Sikas shida a gidan Alhaji

Garwa ta Kamaru, Talata da dare.

Zafin Afrilu ya kai inda in ba a ba dashe ruwa kafin hantsi ba, to an yi asarar yini. Ina cikin jan tiyo a lambunmu na bakin Binuwai Baffa ya ce in ajiye, wani Alhaji ya aiko direba, wai itatuwan adon da ya sayo daga Duwala suna rawaya.

Sikas ne, guda shida a jere gefen barandarsa. Masu sayar da furanni kan ce masa kwakwar ado, amma ba ya da dangantaka da kwakwa ko dabino. Wannan nau'in, Cycas revoluta, asalinsa kudancin Japan ne, kuma danginsa, wato sikad, sun fi shekara miliyan 250 a doron ƙasa, tun kafin a sami itace mai fure. Na fara juya ganyen ina duba ƙarƙashi, saboda akwai wani farin ƙwaro mai mannewa da ya shiga tsibirin Guam a 2003 ya kashe mafi yawan sikad ɗin da ke can. Alhamdu lillahi babu shi. Ruwa ne ya yi yawa, mai gadi yana tula musu safe da yamma kamar ayaba. Na ce a rage, a buɗe wa ruwan hanya. Na kuma ga akuya ɗaure kusa, na ce a janye ta, ganyen da 'ya'yan duk akwai guba.

Har na miƙe sai Alhaji ya tsayar da ni. Biyu sun fitar da doguwar zangarniya rawaya a tsakiya, yana so in gaya masa yaushe zai tara iri, don ya yi wa 'yan uwa alkawari.

Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan zangarniyar namiji ce. Bununi kawai take zubarwa. A ina aka samo su?”

Ya ce mai sayarwar ya nuna masa babbar uwa guda, daga gindinta aka ɓamɓaro duka shidan.

“To Alhaji, itace ɗaya ka saya sau shida. Duk maza ne, ko shekara ɗari suka yi ba za ka ga ƙwaya ba.”

Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce an sayar masa da gidan gwauraye. Ya sallame ni da kuɗin moto, ya ce in nemo masa mace.

A hanya abin da ke raina wani sikad ne na Afirka ta Kudu, Encephalartos woodii. A 1895 John Medley Wood ya gamu da shi a dajin Ngoye na ƙasar Zulu, kututture ɗaya mai rassa, namiji. Har yau ba a ga macensa ba, kuma a daji ya ƙare. Duk wanda ke lambunan Durban da Kew na Landan da gidajen masu kuɗi, tohon gindin wancan ne. Wanda zai ƙirga tukwane zai ce ai akwai shi da yawa. Amma ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne sak, cutar da ta iya da ɗaya ta iya da duka, kuma babu haihuwar da za ta fitar da wani mai jure fari ko ƙwaro. Ni a ganina ajiya ce kawai ake yi, kamar kayan gidan tarihi, kuma ban yarda da masu cewa an ceto shi ba.

Abin ma bai tsaya kan wannan ɗaya ba. Nau'o'in sikad sun haura 300, kuma a lissafin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, kusan kashi biyu cikin uku na fuskantar ɓacewa. Girmansu a hankali yake, wani sai ya shekara goma ko fiye bai fitar da zangarniya ba. Ƙananan ƙwari ne ke kai bununi daga namiji zuwa mace, don haka in aka tone itatuwan har suka yi wa juna nisa, ko feshi ya kashe ƙwarin, sai a ga tsofaffi tsaye babu yara a ƙarƙashinsu. Ga ɓarayi. Yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ta hana cinikin duk wani Encephalartos da aka ciro daga daji tsakanin ƙasashe, duk da haka a 2014 an shiga lambun Kirstenbosch na Cape Town an sace wasu. A can har ɗan guntun na'ura ake cusa wa kututture don a gane na sata. Maƙwabtanmu ma suna da nasu, Encephalartos barteri, a Najeriya da Benin da Togo da Gana, har da wani ƙaramin nau'insa da ba a san shi ko'ina ba sai tsaunukan Jos.

Da la'asar na kwashe duk wannan na gaya wa Baffa a ƙarƙashin darbejiya. Ya saurara yana gyara bakin lauje, sannan ya ce, “Ɗana, ka je har ƙasar Zulu neman abin da ke bayan gidanku. Giginya fa?”

Gaskiyarsa. Giginya ma akwai namiji akwai mace. Ya ce magina sun fi son namijin don azara, wai ya fi tauri kuma gara ba ta cinsa, shi ake fara sarewa. Macen kuwa 'ya'yanta ake kwashewa a binne, da sun yi tsiro a tone a dafa muruci a kai kasuwa. Ya lissafa mini wuraren da yake yaro giginya ta rufe, yanzu sai ɗaiɗaiku dogaye, ba ƙarama ko ɗaya.

Nan muka ɗan saɓa. Shi yana so mu shuka giginya a gonarsa bana daga wata uwa guda da ya sani, mai manyan 'ya'ya masu zaƙi. Na ce mu haɗa daga uwaye da yawa, wasu na nan bakin kogi, wasu daga wajen kogin Logon, ko da 'ya'yansu ba su kai nata kyau ba. Ya ce ina so in cika masa gona da tarkace. Na ce ƙwaya ba ta nuna namiji ce ko mace sai bayan shekaru masu yawa, dole dai a shuka da yawa, to me zai hana su zama ba 'yan ɗaki ɗaya ba?

Mun tsaya a kan rabi da rabi. Ran Lahadi zan shiga kasuwar Pitowa in tambayi masu muruci inda suke samo ƙwayarsu, Baffa kuma zai yi wa wani abokinsa na Yagwa waya ya aiko mana buhu guda a mota. Macen sikas ɗin Alhaji kuwa sai na tambayi masu furanni na Yawunde, kuma na gaya masa kada ya biya sai an nuna masa wadda ta taɓa yin 'ya'ya.