Kwaɗon taya kaɗai ba ya tsare keke

Sana'ata gyaran keke da sayar da kayansa, ina da ɗan shago a nan Kano ni da yarana masu koyon aiki. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 jama'a suka dawo ma keke, malaman makaranta ne, leburori ne, har masu albashi, kasuwa ta buɗe alhamdulillahi, amma fa masu zuwa da kukan an ɗauke musu keke su ma sun ƙaru, kuma abin na ci min rai don wani da shi yake ciyar da gidansa.

Yawanci in ka tambaya sai ya ce ai wallahi na kulle. Da me? Da wannan kwaɗon zoben na tayar baya irin na keken Phoenix. Toh shi wannan taya kawai yake hana juyawa, ɓarawo ɗaga keken zai yi cak ya jefa a adaidaita sahu ya wuce, musamman ranar Juma'a an tada sallah kowa ya ba da baya. Ita kuma siririyar wayar nan mai roba filaya ma tana datse ta.

Abin da nake ce wa kwastoma, Malam sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo mai nauyi, ka zura ta cikin firam da tayar baya sannan ka haɗa da abin da ba ya motsi, turken ƙarfe ko bishiya, kar ka ɗaura a tayar gaba kaɗai. Kekunan kwatano ɗin nan masu ɗan hannun da ake ɓalle taya da sirdi ba sifana, cire shi nake na sa noti, aikin minti kaɗan ne.

Sai lambar firam, tana ƙasan inda feda take ko gindin sirdi, kusan ba mai duba ta. Duk keken da na sayar ina rubuta ta a rasit in ce a ɗau hoto a waya, don in an kama keke da ita za ka nuna wa 'yan sanda ko mai unguwa naka ne, ko da an sake masa fenti.

Mu ma masu gyara da namu alhakin. Yaro ya kawo min keke ko taya a rabin kuɗi ba rasit ba wanda ya san shi, ba na saye, kuma na hana yarana karɓa ko ba na shago.