Ƙwaron da ido ke gani da ƙyar da dabbar tekun Muritaniya

Ɗalibaina a Damagaram ba su taɓa ganin teku ba, balle dabbar da littattafan Faransanci ke kira fok. Da na nuna hotonta sai suka ce ayu ce. Ba ita ba ce: ayu ciyawa take ci, fok kuwa kifi da dorinar ruwa. Don darasin gwada girman halittu na zaɓi irin fok da ake kira Monachus monachus, wadda ke haihuwa a kogunan dutse na Ras Nuwadibu a bakin tekun Muritaniya, tsawonta kamar mita 2,4. Na haɗa ta da Scydosella musawasensis, ƙwaro dangin buzuzu da aka fara bayyanawa daga Nikaraguwa a 1999. Mafi ƙanƙanta da aka auna a 2015 milimita 0,325 ne.

Lamba a allo ba ta shiga kai, sai mun fita fili. Na zana ƙwaron a takarda da tsawon santimita 1. A wannan ma'auni fok tana kai mita 74, domin ta ninka shi kusan sau 7400. Mun ja layin da toka, iskar hunturu ta share shi kafin mu gama awo. Igiya da turaku sun fi. Wasu kuma sun rikita milimita da santimita, amsarsu ta fito mita 7,4, don haka a mayar da komai milimita kafin a raba.

Amma tsawo ba shi ne zancen ba, zancen shi ne yawan fata a kan girman cikin jiki. Mun samo yumɓu wajen maginan tukwane na Mirriya, muka yi curi biyu masu fuska shida, ɗaya santimita 1 kowane gefe, ɗaya santimita 10. In aka auna faɗin fuskokin, wato fata, da girman ciki, ƙaramin yana da fata 6 a kan ciki 1, babban 600 a kan 1000, wato 0,6 kacal a kan 1. Muka ajiye su a rana. Ƙaramin ya bushe ƙayau, babban da muka fasa cikinsa da danshi. Dole kwaɓin ya zama ɗaya, in ba haka ba gwajin ya ɓaci.

Nan aka gane abin da ya sa ƙwaron ke maƙale a naman kaza mai laima: ruwan jikinsa saurin gudu yake. Fok kuwa girmanta da kitsen ƙarƙashin fata ke riƙe mata ɗumi cikin ruwa. Ƙwaron ba shi da huhu ma, ta 'yan ƙofofin gefen jiki iska ke shiga, kuma fukafukansa gashi-gashi ne kamar na tsuntsu.